Kaset ɗin da Bai Yi Gardama Ba

Ranar Laraba da ƙarfe takwas da kwata na safe katunan majinyata na shekara ashirin da biyu suka ɓace daga asibitinmu, kuma kafin ƙarfe tara kowa ya gama yanke hukunci cewa ni ce na ɓatar da su.

Mai Kaset suke ce mini. Ofishina yana ƙasan bene, ɗaki ne marar taga, ni da tsohuwar na'ura mai girman firij wadda duk bayanan asibitin ke cikinta: sunan majinyaci, nau'in jininsa, maganin da jikinsa ba ya karɓa, aikin da aka taɓa yi masa. Duk Juma'a nakan kwafe abin da ke cikinta kaf a kan kaset, in rubuta kwanan wata a 'yar takarda in liƙa, in kulle a kabad ɗin ƙarfe. Aikina ke nan tun ina amarya har na aurar da 'ya. Kaset biyu gare ni da nake juyawa, ɗaya ya tsinke watan jiya. Sau uku ina rubuta takarda a sayo mini wani, ko kallona ba a yi ba.

Da safiyar nan na kunna allo, na nemi katin wani tsoho da ke jiran tiyata, na'ura ta ce babu. Na nemi na wata mai ciki, babu. Na nemi nawa na kaina, babu.

"Kada kowa ya tayar da hankalinsa," na ce wa ma'aikatan da suka cika bakin ƙofa. "Akwai kaset ɗin Juma'a."

Na buɗe kabad da hannuna. Muka ɗunguma sama, ɗakin sabuwar na'urar da za ta gaji tawa, domin tun ranar Litinin aka mayar da akwatin karanta kaset can. Ɗan kwangilar da ya kawo sabuwar na'urar ya zura kaset ɗin a gaban Darakta da kowa. Nan take ya buɗe, ba ɓata lokaci. Sai dai babu komai a cikinsa, fayau, ko suna ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan ba kaset ɗina ba ne," na ce. "Nawa kusurwarsa a tsage take."

Darakta ya ɗaga shi ya nuna wa jama'a. "Wannan rubutun wa ne a jikinsa?"

"Nawa ne."

"To?"

Na ji wata nas a bayana tana cewa ashe duk shekarun nan kaset fanko nake ajiyewa ina karɓar albashi. Wani ya ce a'a, tsoron sabuwar na'ura nake yi kada ta raba ni da aiki, shi ya sa na yi ɓarna. Mutanen da nake ba wa aron cajar waya kullum! Wallahi saura kaɗan in juya in wanke wani da mari.

"Hedikwata za su turo mutum," in ji Darakta. "In ƙarfe huɗu ta yi bayanan nan ba su dawo ba, 'yan sanda zan kira. An ɗage tiyata bakwai yau. In wani ya mutu, a wuyanki yake."

Ƙanena yana tsaye jikin bango. Shi ne injiniyan asibitin, shi aka ɗora wa aikin ƙaura daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. Auta nake ce masa har yau, duk da ya haura arba'in yana da 'ya'ya uku. Yana shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, a hannuna ya girma, ni na yi ta safa da marwa har aka ɗauke shi aiki a nan. Ya matso ya kama hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Yaya, ba abin da za su yi miki," ya ce.

*

Mutumin hedikwata ya iso ƙarfe goma da rabi. Na zaci zan ga saurayi da kwat da jakar kwamfuta. Sai ga wani dattijo yana ɗingishi, fensir a bayan kunne, yana tsotsar alewa. Mai Sawu ake ce masa, wai duk abin da aka taɓa a na'ura sai ya bar sawu, shi kuwa binsa yake har ƙofar mai shi.

"Malama, ke ce ɓarauniyar?" ya tambaye ni.

"Haka suka ce, Malam."

"To zo ki riƙe mini tocila, tunda ke kika san gidan."

Bai fara da allo ba. Ya durƙusa da ƙyar a bayan tsohuwar na'ura, ya sa na haska masa murfinta. Ya shafa kusoshin da yatsa.

"Yaushe rabon da a buɗe nan?"

"An yi shekara uku."

"Ƙura ta ce ba a yi kwana uku ba."

Sannan ya ja kujerata ya zauna, ya buga wasu abubuwa, allo ya cika da lambobi jere-jere. Ya daɗe yana kallo, alewar tana yawo daga wannan kumatu zuwa wancan. Ni kuwa agogon bango kawai nake kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Faifan ajiyar na'urar nan ba share shi aka yi ba. Gyara shi aka yi."

"Gyara kuma?"

"Lafiyarsa ƙalau aka kama shi aka yi ta yi masa gyara har ya mutu. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne, mai gaggawa ne. Wa ke shigowa ɗakin nan ban da ke?"

*

Mai shara aka fara kirawo masa. Tun safe ake raɗe-raɗin ita ce ta zare wayar na'ura ta jona injin goge ƙasa. Ta shigo tana kuka tun kafin a tambaye ta komai.

"Malam, ni ko fitila ta mutu a gida sai na kira maƙwabci! Me zai kai ni taɓa wayar wannan dodon?"

"Na yarda, Baba, zauna. Jiya Talata kin shigo nan?"

"Na zo da rana, wajen ƙarfe ɗaya. Ƙofar a kulle ta ciki. Na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwas-ƙwas, sai na ce Mai Kaset tana aiki, na wuce abina."

"Kin gan ta?"

"Ban gan ta ba. Amma wa zai kasance in ba ita ba?"

Ta juyo ta dube ni, ta gane abin da ta yi, ta rufe baki da gefen mayafi. Mai Sawu ya ba ta alewa ɗaya ya sallame ta.

"Ina kike jiya ƙarfe ɗaya, Malama?"

"A benci, ƙarƙashin matakala. Nan nake cin abincin rana."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Kullum kular abinci ɗaya nake zuwa da ita da cokali biyu, ni da Auta muke ci a bencin nan. Jiya na jira shi awa guda bai zo ba, abincin ya huce na rufe. Kuma da safiyar jiyan ya karɓi makullaina, wai zai ɗauki sukudireba a durowata, sai bayan la'asar, lokacin tashi daga aiki, ya dawo mini da su. Wannan tunanin ya zo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi a baya, na yi maza na kore shi. Auta fa! Na ce a raina, ke dai tsoro ya fara taɓa miki ƙwaƙwalwa.

*

Muka hau sama. A ɗakin sabuwar na'ura komai fari ne, sanyin na'urar sanyaya ɗaki har cikin ƙashi. Mai Sawu ya buɗe wani kwalin kaset a kan tebur, ya ƙirga da bakin fensir.

"Tara. Nawa ka kawo?"

"Goma," in ji ɗan kwangila. Mutum ne mai ƙiba da son magana, amma yau sai share goshi yake yi.

"Sababbin kaset goma a kwali, ni ina ƙasa ina roƙon guda ɗaya!" na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"An ce kada a taɓa su sai ranar buɗe na'ura, Hajiya, ba laifina ba ne."

"Wa ke da makullin ɗakin nan?" Mai Sawu ya tambaya.

"Ni, da Darakta, da Injiniya."

"Takardar aikinka ta nuna jiya kana nan daga safe har yamma."

Ɗan kwangila ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi ƙofa, ya dubi rufi. Zuciyata ta buga da murna, Allah ya yafe mini, na ce shi ke nan an kama shi.

"Malam, don Allah kada kamfaninmu ya ji. Jiya ban taka ɗakin nan ba. Ina ɗakin haihuwa tun asuba, matata ce ta haihu. Tagwaye."

Mai Sawu ya ɗaga wayar tebur ya kira ɗakin haihuwa. Har daga inda nake na jiyo dariyar ungozoma. Ta ce ai ba za su manta da shi ba, sau biyu yana suma, sai da suka bar mai naƙuda suka koma kansa da fifita.

"Allah ya raya," in ji Mai Sawu. "Saura biyu."

"Biyu me?" na ce.

"Masu makulli."

Murnar tawa ta koma ciki. Agogo ya nuna ɗaya da rabi.

*

Mai Sawu ya ce ɗan kwangila ya sake zura kaset ɗin da aka samu a kabad ɗina. Ya buɗe nan take kamar ɗazu, fayau.

"Haka ya yi da safe? Bai yi gardama ba?"

"Ko kaɗan," in ji ɗan kwangila. "Na'urar nan ai ba wasa ba ce."

"Ka ba ta wani umarni na musamman kafin ta karanta?"

"A'a. Zurawa kawai na yi."

Mai Sawu ya daina tsotsar alewar. Ya sa aka buga masa lambobin farkon kaset ɗin a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin wasu guda huɗu, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce ɗan kwangila da maigadi su sauko da akwatin karanta kaset ƙasa na ɗan lokaci, su haɗo da sabon kaset ɗaya. Abin da ya yi da su a ɗakina minti goma ne, sannan ya ce su mayar sama. Da suka fita ya tura ƙofa, ya leƙa kwandon shara ya tsinto murafun kwalba huɗu, ya rubuta musu ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Malama, zo ki gani. Duk babbar lamba, na'ura a gurbi huɗu take ajiye ta." Ya jera su a teburina: ɗaya, biyu, uku, huɗu. "Tsohuwarki haka take jerawa, babban gefe a gaba." Ya juya su: huɗu, uku, biyu, ɗaya. "Ta sama kuwa haka, ƙaramin gefe a gaba. Lamba ɗaya ce, amma kowace tana ganin jerinta ne daidai, na ɗayar kuwa shirme."

"To sai me?"

"Duk kaset, a farkonsa akwai lambar da ke shaida cewa kaset ɗin ajiya ne. In tsohuwa ta rubuta, ta sama ta karanta, a juye za ta gan ta. Sai ta ce ba ta san wannan abu ba, ta tofar da shi, in dai ba an gaya mata ta juya jerin ba. Kaset ɗinki na gaskiya da an zura shi da safe, da ya ƙi buɗewa. Wannan kuwa ya buɗe ba musu."

Na dafa tebur. "Ke nan a sama aka rubuta shi."

"A sama aka rubuta shi. Aka mayar da agogo baya ya nuna Juma'a, aka ɓare takardarki daga naki aka liƙa masa. Agogo yana karɓar ƙarya, jerin lamba ba ya karɓa. Kin taɓa zama a gaban na'urar sama?"

"Ko makullin ɗakin ba ni da shi."

"Na sani."

Ya kamata in ji sanyi a raina. Amma kafin in ji, sai na ga ya zaro wata takarda daga fayil ɗin da Darakta ya ba shi.

"Kafin a yi ƙaura irin wannan, doka ce a yi gwaji. A ɗauki kaset ɗin tsohuwa a karanta a sabuwa, a kwatanta, a sa hannu. Ga takardar nan, ta ce an yi gwajin ranar sha ɗaya ga watan jiya, komai ya fito daidai." Ya tura mini ita. "Malama, wa ya karɓi kaset a hannunki ranar sha ɗaya ga wata?"

Na dubi sa hannun da ke ƙasa. Ni na koya wa mai hannun riƙe fensir, a kan tabarma, ina riƙe da yatsunsa.

"Ban tuna ba," na ce.

"Shekara ashirin da biyu ba ki manta Juma'a ɗaya ba."

"Na ce ban tuna ba, Malam!"

Bai yi fushi ba. Ya tattara murafunsa ya zuba a aljihu.

"Ni na'ura nake iya sa wa ta yi magana," ya ce. "Za ta faɗi inda aka rubuta kaset, ba za ta faɗi wanda ya buɗe kabad ɗinki ba. Darakta zai ce ke ke da makullin kabad, rubutunki ne a jiki, kuma an ji motsi a ɗakinki. Zai ce kin haɗa baki da wani ne. In kika yi shiru, ƙarfe huɗu da ke za a tafi. Ki yi tunani, uku saura kwata yanzu."

Ya fita ya bar ni da ƙugin tsohuwar na'ura. Ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba a rayuwata, ko cigiya. Na tuna 'yata da ke gidan miji, da abin da danginsa za su riƙa faɗa mata. Na tuna hawan jinina da maganin da na baro a gida. Na tuna 'ya'yan Auta uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Tsoro iri biyu suka haɗu a ƙirjina, na rasa wanda ya fi.

*

Uku da rabi aka tara mu a ɗakin sama: Darakta, ɗan kwangila, mai shara, Auta, da ni. Ma'aikata sun cika baranda suna leƙe ta gilashi. Mai Sawu ya jera murafunsa a tebur, ya maimaita musu abin da ya nuna mini. Darakta yana ta duban agogon hannunsa.

"Malam, wasan yara ka kawo mana?"

"Yanzu za ka gani, ranka ya daɗe." Ya ɗaga wani kaset. "Wannan ɗazu na rubuta shi a tsohuwar na'ura da hannuna, ga shaidu biyu. Suna uku kawai na sa a ciki. Bismilla, zura."

Ɗan kwangila ya zura. Na'ura ta yi ƙugi, ta tsaya, jan rubutu ya fito a allo.

"Me ta ce?" in ji Darakta.

"Ta ce wannan ba kaset ɗin ajiya ba ne," ɗan kwangila ya amsa a hankali.

"Haka za ta ce da duk kaset ɗin da ya fito daga ƙasa," in ji Mai Sawu. "Na kabad kuwa ya buɗe mata, domin ɗanta ne, ita ta haife shi. Kuma da an taɓa yin gwajin da takardar nan ta ce an yi, da tun watan jiya an ga jan rubutun nan, an gyara a rabin yini. Saura tambaya ɗaya." Ya juyo gare ni. "Malama, ranar sha ɗaya ga watan jiya, wa ya karɓi kaset a hannunki?"

Na dubi Auta. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, yana murza babban yatsansa a cikin tafin hannu, abin da yake yi tun yana ƙarami in ya fasa mini kofi. Na jira shi. Wallahi na jira shi, na ƙirga har goma a zuciyata ko zai buɗe baki ya ɗauke mini wannan kaya. Bai buɗe ba. A nan ne tsoron ya juye ya zama wani abu mai zafi.

"Ba wanda ya karɓa," na ce. "Kaset ɗina bai taɓa hawa benen nan don gwaji ba."

"Jiya fa, makullanki suna hannunki wuni guda?"

"A'a."

"Suna hannun wa?"

"Yaya," in ji Auta. Muryarsa ta koma ta yaro.

"Suna hannun ƙanena."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, jikin bango. Maganar ta riƙa fito masa gutsi-gutsi. Gwajin watan jiya ya ga ɓata lokaci ne, kaset ai kaset ne, ya sa hannu kawai. Jiya kuma ya so ya burge Darakta ya gama ƙaura kafin ranar da aka sa, sai ya ciro faifan tsohuwa ya haɗa da sabuwa kai tsaye. Sabuwa ta ga komai a juye, ta ce faifan ya lalace, ta tambaya ko ta gyara. Ya ce e. Ta sake tambaya, ya ce e. Da ya gaji sai ya ba ta umarnin ta amsa wa kanta e har ƙarshe. Da ya mayar da faifan ƙasa ya ga abin da ya yi, sai ya ɗauko kaset ɗina a guje ya zura a sama, jan rubutu ya fito.

"Na ɗauka shi ma na lalata shi," ya ce. "Kuma ko ban lalata ba, duk wanda ya ga jan rubutun nan ya san ban yi gwaji ba."

"Sai ka ɓare takardata ka liƙa wa fanko," na ce.

"Na zaci faɗa kawai za a yi miki, Yaya. Kin daɗe a nan, kowa yana ganin girmanki. Ban san zai ce 'yan sanda ba."

"Da ya ce fa? Tun ƙarfe tara ya ce! Ka kama hannuna ka ce ba abin da za a yi mini!"

Na ji mai shara ta riƙe ni ta baya. Ashe na yi kansa ban sani ba.

"Ina kaset ɗin?" Mai Sawu ya tambaya, ba tare da ya ɗaga murya ba. "In ka jefar, gaya mini inda ka jefa tun ba a ƙone shara ba."

Auta ya sa hannu cikin rigarsa ta ciki, ya zaro shi. Tun jiya yana jikinsa, har ya ɗauki ɗumi. Ba takarda a kai, sai tabon gam, da tsagar nan a kusurwa.

*

Aka sake sauke akwatin ƙasa, maigadi yana mita. Mai Sawu ya miƙo mini kaset ɗin.

"Ke za ki zura, naki ne."

Na karɓa na zura. Tsohuwar na'ura ta yi ƙugin da na saba ji duk Juma'a, ta yi shiru, ta sake yi. Sai sunaye suka fara gangarowa a allo, ɗaya bayan ɗaya, ba iyaka. Na ga na tsohon da ke jiran tiyata ya wuce. Wata nas ta yi kabbara a baranda, ita ce dai mai maganar albashi ɗazu.

"Ko ɗaya bai ɓata ba," in ji Mai Sawu. "Na bayan Juma'a ne kawai za ku sake shigarwa daga takarda. Malama, aikinki ba shi da aibi."

Darakta ya yi gyaran murya, ya ce to, ai dama shi bai ce tabbas ni ce ba. Ban ko kalle shi ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tunda bayanai sun dawo, a bar maganar 'yan sanda."

"Na riga na kira tun uku da rabi. Kuma takardar ƙarya da sa hannu, da tiyata bakwai, ba a hannuna suke ba yanzu."

Na juya wajen Mai Sawu. Ya girgiza kai, ya mayar da fensirinsa bayan kunne.

Huɗu da minti biyar suka iso, su biyu. Na jiyo takalmansu a matakala, takun da na wuni ina saurare. Babban cikinsu ya tsaya a ƙofata, ya duba 'yar takardarsa.

"Wace ce Mai Kaset?"

"Ba ita ba ce," in ji Darakta, ya nuna da haɓa.

Auta ya miƙe da kansa. Da suka zo wucewa ta gabana ya tsaya. Haushinsa yana nan a raina, ko kaɗan bai sauka ba. Amma na ga leɓɓansa sun bushe sun yi fari, na san rabonsa da abinci tun shekaranjiya.

"Ku dakata," na ce.

Na jawo kular daga ƙarƙashin tebur, yadda na zo da ita da safe ban buɗe ba. Ɗan sandan ya buɗe ya leƙa, ya rufe, ya ɗaga kafaɗa. Na zare cokali ɗaya na ajiye a durowa, na tura wa Auta kular a ƙirji.

"Riƙe," na ce. "Cokalinka yana ciki."